Kafin Ki Sayo Mini Murjani a Agadas

Zuwa ga 'yata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Allah Ya sauke ku Agadas lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya sa garin ya karɓe ku, Ya haɗa ki da maƙwabtan kirki. Na cusa wannan takarda cikin ƙullin daddawa ne don na san nan hannunki zai fara zuwa, saboda haka in kin ji tana wari, ki yi haƙuri ki karanta hakanan.

Labarin gida ba zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Na so in zaunar da ke mu yi wannan magana baki da baki, amma na san halinki. Da na fara sai ki ce, "Inna, ai na sani," idonki na kan waya. Takarda kuwa ba a katse mata magana.

Kin san abin da muka shirya. Ni na daina doguwar tafiya. Ke za ki riƙa sayen murjani da tsakiya da duwatsun zobe a can, ki ba direba ya kawo, ni in sayar a nan Tasawa da Mayahi kamar yadda na saba. A baki abu ne mai sauƙi. Amma ina so ki tuna da waɗanda za su saya. Matan gari da matan ma'aikata kwalliya suke nema, in abu ya yi kyau a hoton biki an gama, ba su nake ji ba. Waɗanda nake ji su ne matan ƙauyukan Atantane da Sarkin Hausa da rugagen Isawan. Mace za ta sayar da tunkiyarta ko wakenta na shekara guda ta sayi igiya ɗaya ta murjani. Ta sa ta ranar salla da ranar suna, sauran kwanaki tana naɗe cikin tsumma a ƙasan kwalla. Wannan igiyar ita ce rumbunta, gara ba ta ci, miji ba ya taɓawa sai da izininta, ranar da duniya ta yi zafi ita za ta kwance. Kuma waɗannan matan ba su gwada dutse. Tambaya ɗaya suke yi mini: "Hajiya, kin duba?" In na ce na duba, sai su kwance bakin zane. Shekara talatin da wani abu ke nan ina cin abinci da wannan kalma, yanzu kuwa rabinta ya koma hannunki.

Ba zan yi miki wa'azi ba, kurakuraina zan zayyana miki, don ban taɓa koyon komai a sana'ar nan ba sai da na fara ƙonewa.

Na farko na yi shi ina da goyon yayanki. Gwaggo Indo, ƙanwar babana wadda ta koya mini sana'ar, ta yi ciwon ƙafa, ta ce in je Kano ni kaɗai. Na tafi ina jin kaina, ni ce babbar 'yar kasuwa. Na shiga wata rumfa da aka yi wa rufi da jan ƙyalle, mai rumfar ya baza mini tsakiya mai jan goro da zanen fari, kowace ƙwaya tana walƙiya, dukansu girma ɗaya, launi ɗaya, ba tabo ko ɗaya. Raina ya biya. Na yi ciniki har na ji na cuce shi, na kwaso na dawo ina taƙama.

Gwaggo ko kallonsu ba ta yi ba da farko. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta manna a kumatunta, ta ɗan yi jim.

"Wagga ai ta ɗumama tun ban gama bisimilla ba," in ji ta.

Ta ce in kama ta mu fita tsakar gida. Ta ɗaga ƙwayar ta saita ta da rana, ta ce in leƙa. Sai ga 'yan ƙananan kumfa zagaye-zagaye a cikinta.

"Ke Tsahara, mi kika kai idonki yi Kano? Dutse ba shi shan iska. Kwalba ce aka narka aka zuba miki."

Haka muka tsinke su muka sayar wa 'yan mata a matsayin kwalbar da suke, a kuɗin kwalba. Wata uku Gwaggo tana kirana Hajiya mai kwalba, tun ban san hanyar Makka ba.

To ki ji. Kada ki yanke wa dutse hukunci a ƙarƙashin rumfa, ko ƙarƙashin ƙwan lantarkin kanti. Jan ƙyalle yana ara wa kowane tarkace ja. Ki ce za ki fita da shi waje, ki duba shi da hantsi, lokacin da rana ta yi fari ba ta yi zafi ba. Dutsen gaskiya yana da sanyi a kumatu kuma yana daɗewa bai ɗauki zafin jiki ba. Tsakiya ta gaskiya tana zana jikin kwalba in kin goga ta da ƙarfi, ita kuwa bakin wuƙa ba ya yi mata komai. Sannan abin da ya ruɗe ni shi ya kamata ya farkar da ni: in kin ga ƙwayoyi duka sun yi kama ɗaya, ba wadda ta fi wata duhu, ba wadda zanenta ya karkace, to daga inji suka fito. Na ƙasa kowace da halinta, wata da ɗan tabo, wata da tsaga siririya kamar gashi, kuma ramin tsohuwar tsakiya bakinsa ya side saboda cin zare.

Na biyu a Agadas ɗin nan da kika je na yi shi, kuma wannan ba rashin sani ba ne, kunya ce. Akwai wani Alhaji da nake sauka gidansa, Allah Ya jiƙansa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo cuku da dabino, aka yi shayi har zagaye uku, aka yanka mini kaza. Bayan na ci na ƙoshi na yi hamdala, sai Alhaji ya fito da igiyoyin murjani ya ajiye a gabana, ya ce kayan arewa ne, don ni ya ɓoye su. Allurata da lemun tsamina suna cikin jaka, a ƙarƙashin gwiwata. Wallahi Barira hannuna ya kasa shiga jakar nan. Yaya za ki ci kazar mutum sannan ki ce ya kawo garwashi ki gwada kayansa? Na duba ƙwayoyin bakin igiya da ido, na ga lafiya lau, na ce Allah Ya sa albarka.

Sai da na dawo Tasawa na tsinke igiya ɗaya zan sake mata zare, na ji ƙwayoyin tsakiyar ba su da nauyi a tafin hannu. Na gasa allura ta yi ja, na taɓa bakin ramin ɗaya, ta shige kamar cikin man shanu, warin ƙonannen takalmi ya tashi. Na bakin igiya murjani ne, na tsakiya roba. Har ya rasu ban san ko shi ma cutarsa aka yi ba, don ban taɓa iya tambayarsa ba. Allah Ya taimake ni ban riga na sayar wa kowa ba, asarar a kaina ta tsaya.

Don haka kada ki sayi dutse a inda kika ci abinci. In dole ne, ki fara gwadawa sannan ki wanke hannu. Ke kin fi ni kunya ma, kin gado ta wajen babanki, mutumin da tela zai ɓata masa riga ya ce ta yi daidai. Ki koyi faɗin wannan tun yanzu, da fara'a: "Alhaji, ba kai nake gwadawa ba, dutsen nake gwadawa." Mai kayan gaskiya shi da kansa zai miƙo miki wuta. Wanda ya ɓata rai ya ce kin raina shi, ki ba shi haƙuri, ki gaishe shi da kyau, ki tashi. Ki bi igiya ƙwaya-ƙwaya daga wannan baki zuwa wancan, ko da mutane sun taru suna cewa kin cika ƙwaƙwa. In kin gama kuma, kada ki mayar masa ya naɗe miki a bayan tebur. Wadda kika duba ita za ki sa a jakarki da hannunki.

Akwai wani ƙarami da zan faɗa miki don ki yi dariya, amma ki riƙe shi. Shekarar da na sauke farali, na sayo zobba masu jan dutse na tsaraba, ban gwada ko ɗaya ba. A raina na ce wa zai yi ƙarya a ƙasa mai tsarki? Na ba babanki mafi girma, yana ta ɗaga hannu a majalisa kamar mai kiran mota. Bai yi wata biyu ba, yana gyara garwashin shayi, dutsen ya lanƙwashe ya yi ƙwarya. Abokansa har yau ba su bar shi ya huta ba. Ashe kasuwa kasuwa ce ko ina take. Za ki ji rantsuwa iri-iri, wannan daga Makka, wannan gadon kakata, wannan yanzu aka haƙo shi a dutsen Abzin. Wasu za su nuna miki takarda da hatimi da Faransanci, kuma na san ku 'yan lekwal, masu karatun boko, da kun ga hatimi sai jikinku ya mutu. Takarda ana buga ta a kowane lungu. Hoton waya kuwa kada ki fara, ban taɓa ganin dutsen da ya yi muni a waya ba. Abin da bai taɓa kumatunki ba, ba ki gan shi ba.

Yanzu ga babban. Ba ki taɓa jinsa daga bakina ba, ko da yake na san kin ji ɓurɓushinsa a gari.

Ranar wata kasuwar Mayahi wani baƙo ya zo teburina, mai tsabta, mai sanyin murya, da igiya biyar ta murjani masu kauri, jajaye kamar barkono. Ya ce tafiya ta kama shi. Na ɗauka na ji sanyi, na ji ɗan nauyi, allura ba ta shige su ba, ban ga kumfar kwalba a ciki ba. Lemun tsami kuwa ya ƙare mini ranar, na yi ƙyuyar tashi in nemo. Sai na tuna wata dabara da na ji wajen Gwaggo tun ina yarinya, cewa in an tsoma murjanin gaskiya cikin nono, nonon yana yin ja-ja. A gefena akwai wata Bafillatana daga rugar Isawan, sunanta Hajo, tana sayar da nono da man shanu. Na ce ta zuba mini a ƙaramar ƙwarya. Na tsoma igiya ɗaya, muka ɗan jira, sai ga nono ya ɗauki ja. Mata suka taru ana ta salati. Ni kuwa na kumbura, na nuna musu ilimi. Na saye duka biyar.

Hajo da idonta ta gani, a cikin nononta. Kasuwa ta gaba ta kawo karsanarta, wadda babanta ya ba ta tun tana budurwa, ta sayar, ta zo wurina.

"Hajiya, irin wanda munka gani cikin nono nika so," ta ce.

Na zaɓar mata wadda ta fi kauri, na sake mata zare baƙi, na yi ƙullina da kika sani, biyu-biyu bayan kowace ƙwaya goma. Ko "kin duba?" ba ta ce ba, don tare muka duba.

Shekara tara suka wuce. Aka yi wata damina da ta ƙi, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara ta yi nisa, shanu suna kwanciya su kasa tashi. Mijin Hajo, Buba, ya roƙe ta ta ba da murjanin a sayo dusa a riƙe shanun da suka rage. Ta kwance ta ba shi. Launin ya ɗan koɗe, amma ita ta ɗauka jinyar da ta yi ce, don ana cewa murjani yana fari in mai shi ba ta da lafiya. Buba ya kai Mayahi, ranar ban je ba, ya kai wa wani dillali. Mutumin ya kankare cikin rami da allura, fari ya fito. Ya matsa lemun tsami, ko 'yar kumfar da murjani ke yi babu. Ya ce masa a gaban jama'a wannan ƙashi ne aka rina.

Buba bai ce an cuci matarsa ba. Cewa ya yi ita ta sayar da na gaskiyar a ɓoye ta ba 'yan'uwanta kuɗin, ta sayo ƙashi ta ajiye. Duk ruga kowa ya ji labarin nonon da ya yi ja, to wa zai yarda tun asali ƙashi ne? Ya ce ta tafi gidan ubanta, ya riƙe 'ya'yan.

Wata rana da hantsi Hajo ta yi sallama a gidan nan, ke kina lekwal. Ta hau amalanke, ta hau mota, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ƙofarmu. Ta rame, ban gane ta ba. Na kawo mata ruwa ta ƙi sha.

"Ni ce mai nono," ta ce. Ta kwance tsumma ta shimfiɗa igiyar a kan tabarma. "Wanga shi ne kika ba ni, ko ba shi ba ne?"

Kallo ɗaya na yi na ga baƙin zarena da ƙullina biyu-biyu. Zan faɗa miki gaskiya, don ita ta sa na ɗauki alƙalami. Zuciyata ta ce mini in ce ba shi ba ne. Shekara tara, ba shaida, baƙon nan ya daɗe da ɓata, ita mutuniyar daji, ni Hajiya mai tebur a kasuwa biyu. Kalma ɗaya zan faɗa sunana ya tsira. Ita kuwa ba ta ɗauke ido daga kaina ba.

"Shi ne," na ce. "Ƙullina ne."

Na ɗauka za ta yi kuka ko ta zage ni. Sai ta ɗauki ruwan nan ta shanye.

"To ki taho ki hwaɗi hakanan gaban Buba. Ba kuɗɗi ya kawo ni ba."

Washegari muka tafi. Daga Mayahi muka hau moto, wato babur, cikin yashi, sau biyu muna faɗuwa, zanena ya yage a gwiwa. Muka tarar da maza sun zauna gindin aduwa, an aika an kira su. Aka shimfiɗa mini buzu can gefe. Ni da ko gaban mai gari ban taɓa tsayawa ba, na buɗe baki na ce wannan igiya ni na sayar wa Hajo, ita ce dai ba a sauya ta ba, ƙashi ce tun ranar farko, ni ce ban gane ba. Buba ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa.

"Ke da kanki ba ki san dutse ba," ya ce, "kike saida ma mutane?"

Na ciro murjanina na wuya, wanda Gwaggo ta ba ni ranar aurena, na matsa masa lemun tsami a gabansu suka ga kumfarsa, na ajiye a gaban Hajo. Ranar ta koma ɗakinta. Amma kwanakin da aka ɓata ana wannan rigima, saniya biyu daga cikin waɗanda dusar za ta riƙe sun riga sun mutu, na ga fatunsu a shanye da idona. Hajo tana gaishe ni har yau in mun haɗu, tana tambayar yara. Ba ta sake sayen ko ƙwaya ɗaya a wurina ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sauran igiya huɗun na bi sawunsu. Uku na samo na musanya. Ta huɗun wata mata ce daga wajen Atantane, an ce mijinta ya rasu ta koma danginta, ba wanda ya san garin. Ke nan har yau akwai wata baiwar Allah da ke kwana da ƙashi a ƙasan kwallarta, hankalinta kwance tana da abin da za ta kwance ranar wuya. Wannan yana ci mini rai, Barira, kuma ba ranar da zai daina.

Da na dawo na je wurin Gwaggo, lokacin ta tsufa ƙwarai, na ce mata dabararta ta kashe ni. Ta sa na ba ta labarin tun daga farko.

"Da kika hidda shi, nonon ya koma hwari ko ya zamna ja?"

Na ce ja ya zauna.

"To ai rini ne ya zuba, ɗiyata. Na gaskiya inuwa tai kaɗai ke ja, in an hidda shi nono na nan hwari tas. Kuma ni ban taɓa sayen murjani don nono ya ce ba."

Rabin magana na ji ina yarinya, ban tambayi sauran ba, na ɗauke ta na kai kasuwa na yi wa mutane burga da ita. Saboda haka duk dabarar da aka koya miki, har wadda ni na koya miki, ki tambayi dalilinta. Kuma kada ki tsaya kan gwaji ɗaya, don kowane gwaji akwai jabun da ke tsallake shi. Ƙashi yana tsallake allura. Murjani ki ɗiga masa lemun tsami a bakin rami inda ba a gani, na gaskiya zai yi 'yar kumfa siririya, sai ki wanke da ruwa nan take. Amma akwai farin murjani marar daraja da ake rinawa, shi ma yana kumfa, don haka ki jiƙa farin ƙyalle da ruwan goge jan farce ki murza, in ja ya biyo ƙyallen ki ajiye. Ki leƙa cikin rami: launin ciki da na waje ɗaya ne a na gaskiya, na rini kuwa cikinsa fari ne, ko ki ga jan ya taru ya yi duhu a tsaga. Ki nemi zanensa, siraran layuka a jere kamar na itacen da aka fafe. Ƙashi ba shi da su, 'yan ɗigo-ɗigo gare shi. Na sa miki allura da farin ƙyalle da madubin nan mai ƙara girma a aljihun jakar, lemun tsami kuwa ki saya sabo duk ranar da za ki fita, kada ƙyuyar da ta kama ni ta kama ki.

Saura magana ɗaya, ita ce na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Kin ga rubutun nan manya-manya, yana hawa yana sauka, kwana biyar na yi ina yinsa. Zuwan da na yi Maradi bayan salla ba gaisuwar mutuwa kaɗai ta kai ni ba, likitan ido na gani. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙe sauran da magani. Ko babanki bai sani ba. Kumatuna yana jin sanyi, hannuna yana jin nauyi, hancina yana jin roba. Amma kumfar cikin kwalba, da zanen murjani, da cikin rami, na daina ganinsu ko da madubi. Duk watannin nan da nake miƙa miki igiya ina cewa, "Zo ki gwada mu gani ko kin iya," ba jarraba ki nake ba. Ke ce kike duba mini, kuma ba ki taɓa kuskure ba, shi ya sa na yarda da wannan shiri.

To ki sani, babu mai sake dubawa a bayanki. Abin da direba ya miƙo mini, haka zan rataye shi. Kuma ba zan ce wa matan nan na duba ba alhali ban gani ba. Ranar kasuwa mai zuwa zan faɗa musu da bakina, daga yau in sun tambaya amsar ita ce, "Barira ta duba." Wasu za su juya su tafi, na sani. Waɗanda suka tsaya kuwa, tumakinsu da wakensu a kan idonki suke.

In kin yi shakka ko kaɗan, ki bar shi, ko da shi ne mafi kyau da kika taɓa gani, ko da mai shi ya rage miki har ya ba ki tausayi. Ki aiko mini da jaka wofi. Zan zauna gaban tebur babu kaya, in gaisa da mutane in dawo gida, ba zan ji kunyar wannan ba. Amma ƙarfina bai kai in sake hawa moto in je in zauna gaban mazan wata ruga ba. In hakan ta sake faruwa, ke za ki je.

Allah Ya ba ki ido mai gani da zuciya mai tsayawa. Ya tsare ki daga cutar da wani, Ya tsare ki daga mai cutar da ke. Ya raba ki da ciwo, Ya zaunar da ku lafiya ke da maigidanki, Ya sa in ji muryarki cikin alheri. Babanki yana sa miki albarka, yayyenki suna gaishe ki. Maganar idon nan ki bar ta tsakaninmu har in faɗa masa da kaina.

Wassalam.

Innarki,
Tsahara